Mai Riƙon Igiya

Litinin, da hantsi

A shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito aka kawo mini mai ɗakina. Mutane suna hawa katanga suna kallon tauraruwar, tsofaffi suna cewa duniya ce za ta tashi. Duniya ba ta tashi ba. Mu ne muka tsufa a cikinta, ni da ita, kuma tun daga shekarar nan ba mu taɓa raba gari ba. To, yanzu ma ba mu raba ba. An kawo ta wannan birni a motar asibiti, na biyo ta, an fi mako ke nan.

Auta, 'yarmu da ke aure a nan, ita ta ce in riƙa rubutawa, wai ya fi in zauna ina kallon bango. Ni ban yi aji ba. Baƙaƙen nan a bayan manyan motoci da allunan shaguna na tsince su, ita ta haɗa mini su tun tana ƙarama. In sun karkace, hannun mai haƙar rijiya ne.

Abin da idona ya gani a birnin nan, in na koma na faɗa za a ce tsufa ya taɓa ni. Gida a kan gida, titi a kan titi. Kana tsaye sai ka ji motsi a tafin ƙafarka, wai jirgi ne yake wucewa ta ƙarƙashin ƙasa cike da mutane. Na tambayi Auta, su wa suka haƙa, kuma ina suka kai ƙasar da suka kwashe? Ta ce ba ta taɓa tambaya ba. Kullum tana shiga ramin, ba ta taɓa tambaya ba.

Asibitin kansa ya fi duk unguwarmu mutane. Ɗakin da aka kwantar da mai ɗakina yana can kusa da sama. Akwai wani akwati da suke kira lifta, a shiga a rufe, ya ja mutum. Na duba shi da kyau. Rijiya ce aka miƙar da ita tsaye, mu ne ruwan da ake ja a guga. Ranar farko sai da mijin Auta ya ɓamɓare mini yatsu daga ƙarfen.

Ga abin da na kasa fahimtar da yaran nan. A sana'armu mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa yana haƙa, ɗaya a bisa yana riƙe da igiya. Na bisa ba ya barin bakin rijiya ko gidansa ne yake cin wuta. Kuma ba ya yin shiru. Yana magana, na ƙasa yana amsawa, da haka ake sanin numfashi bai ɗauke masa ba. Yanzu ita ce a ƙasa. Ni ne a bisa.

Talata, bayan la'asar

Babbar nas ɗin ɗakin wata gajeriya ce mai tafiya kamar an aike ta yaƙi. Soja nake ce mata a zuciyata. Yau ta same ni a bencin baranda inda nake kwana, ta tambaye ni ko ta sa a kawo fenti a rubuta sunana a jiki. Ta ce in je gida in yi wanka in kwanta. Na ce mata akwai famfo a nan. Ta ce akwai, amma ba ta ga alamar mun taɓa gaisawa da shi ba.

Auta ta kawo abinci a kula. Na buɗe, na rufe, na miƙa wa wani bawan Allah da ke jinyar ɗansa. Ba ya wucewa ne, ba raini ba.

Mijinta ya ce zai zauna in je in huta. Shi a ofis yake aiki, ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi wayarsa nauyi ba. Na ce masa na gode. Wannan ba wurin zaman mai latse-latse ba ne.

Na yi wa mai ɗakina magana tun safe. Na yi mata labarin shekarar da ƙudan zuma suka tashi kasuwa. Na yi mata rijiyar gidan mai rini, wadda muka tarar da dutse muka yi wata muna fasawa. Na yi mata shekarar da gada ta karye, na ce kafin a haifi ɗanmu Babba ne, alhali na san bayan an yaye shi ne. Da gangan na faɗa. A gida ba ta barin irin wannan ta wuce ko tana cikin barci.

Laraba, da yamma

Ba ta amsa ba.

Alhamis, da azahar

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Ina zaune gefenta ina yi mata shekarar ruwan ƙanƙara, sai inuwa ta gifta ta taga. Na ɗaga kai. Mutum ne. A waje, a wannan tsawo da ko tsuntsu sai ya yi niyya, ga mutum zaune a kan ɗan katako, igiya biyu a bayansa, bokiti a rataye a ƙugu, yana wanke gilashi. Ya shafa kumfa, ya ja wani abu mai bakin roba, shuu, gilashin ya koma kamar babu shi. Sai ya tura bango da ƙafa, ya lila gefe, ya sauka ƙasa kaɗan, cikin natsuwa kamar mai zaman shan iska a ƙofar gida.

Na je na manna fuska a tagar. Su uku ne a jere, ƙarƙashinsu motoci kamar ƙwari. Na bi igiyar da ido har inda ta ɓace a saman bene. Na ce a raina, lallai akwai wani a can yana riƙe da su. Na kusa da ni ba yaro ba ne, akwai furfura a gemunsa. Ya gan ni, ya ɗaga mini abin gogewar kamar gaisuwa.

Duk rayuwata daga ƙasa nake sauka in shiga duhu. Waɗannan daga sama suke saukowa cikin haske. Na komo na gaya mata. Na ce, kin ga abokan sana'ata an juya su.

Yau ma Auta ta yi kuka a baranda. Ta ce idona ya faɗa, ta ce ba za ta iya jinyar mutum biyu ba. Na ce wa ya ce ta yi?

Asabar, da safe

Ban faɗi ba. Zamewa na yi.

Asabar, da yamma

A gidan Auta nake rubuta wannan, ba da son raina ba.

Abin da suke cewa, wai barci ya sace ni a kan kujera ina riƙe da hannunta, na sulale, na tafi da robar ƙarin ruwan da ke hannun. Na'ura ta hau kuka. Ni dai abin da na sani, na buɗe ido na ga takalman mutane, da jini kaɗan a zanen gado, ba nawa ba.

Soja ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta gyara mata hannun, ta zaunar da ni, ta ɗaura mini abin awon jini. Ta duba, ta sake dubawa, ta kira Auta. Ta ce daga yau ba ni ba kwana a benci, kuma da safe kaɗai zan shiga. Sannan ta durƙusa daidai fuskata.

“Baba, Asabar mai zuwa zan sake auna ka. In na ga abin da na gani yau, ba za ka ƙara shiga ɗakin nan ba. Ba na wasa da kai.”

Auta ta kira Babba a waya a gabana. Sun gama magana a kaina kamar ba na wurin. Zai zo da mota ranar Asabar. In awon bai yi ba, gida zai tafi da ni, a bar ta a nan.

A bar ta a nan.

Lahadi, da hantsi

An ba ni ɗaki, da katifa mai laushi kamar ana haɗiye mutum, da ƙwaya fara. Na kwanta a ƙasa. Ido biyu na kwana. Gidan nan ma a sama yake, maƙwabci a ƙarƙashinka, maƙwabci a kanka, kana jin wani yana jan kujera ba ka san fuskarsa ba. Ta yaya ake cewa mutum ya huta a garin da shi kansa ba ya hutawa?

Litinin, da la'asar

Da rana ta take Soja ta nuna mini ƙofa. Ban tafi gida ba. Na tsaya a gaban lifta ina tunanin inda zan ɓuya kusa da ɗakin. Ƙofar ta buɗe, sai ga mai furfurar nan na ranar Alhamis, da igiya a naɗe a kafaɗa. Ban san lokacin da hannuna ya kai kanta ba. Na murza, na lanƙwasa, na shinshina. Ba irin tamu ba ce, wannan santsi gare ta, ba ta cin hannu.

Ya tsaya yana kallona, ya ce wannan taɓin ba na ɗan kallo ba ne. Na gaya masa sana'ata. Ya yi dariya har haƙoransa na ciki, ya ce ashe yau ya haɗu da kakansa. Abokan aikinsa Jemage suke ce masa, shi ne babbansu. Ya ce lokacin hutunsu ne, in zo in ga inda igiyar take farawa. Ya yi wa mai gadi magana, ya kifa mini hular kwano, ya ce sharaɗi ɗaya, ba zan wuce jan layin da ke kusa da tankunan ruwa ba.

Ya tura wata ƙofar ƙarfe, muka fito.

Ban san yadda zan rubuta ba. Sama ce ta ko'ina. Birnin ya kwanta a ƙasa har inda ido ya gaji, benaye tsaye kamar an shuka su, wasu na gilashi suna riƙe da gajimare a jikinsu. Ashe akwai kogi a garin nan, yana lanƙwasa yana ƙyalli, ba wanda ya gaya mini. Jiragen sama suna saukowa ɗaya bayan ɗaya kamar an jera su a zare. Sai ga shirwa tana shawagi, a ƙasa da ni. Na ga bayanta. Na tsufa ina ganin cikin shirwa, yau na ga bayanta, ashe ja-ja ne, da zane.

Abin da ya fi kama ni shi ne shirun. Duk hayaniyar nan da ke hana ni jin tunanina ta koma wani gunji can nesa. Na san wannan shirun. Shi ne na ƙasan rijiya, in ka yi nisa har muryar gari ta daina iso ka. Ban taɓa zaton zan same shi a sama ba.

Na zauna a gindin tanki. Suka miƙo mini shayi da burodi. Sai da na ga kofin babu komai na gane na sha.

Talata, da la'asar

Na koma. Yau na lura da yadda suke yi.

Da sun hau, kowa ya kwance ɗamararsa, ya cire takalmi. Akwai ruwan ɗumi a fulas, su zuba a bokiti su tsoma hannu har yatsu su saki. Su shafa wa juna mai a kafaɗa. Su ci abinci a zaune, ba a tsaye ba. Sannan kowa ya miƙe a inuwar tanki, ya ɗora ƙafafu a kan bututu, ya rufe ido da jiƙaƙƙen ƙyalle. Waya tana cikin jaka, ba mai taɓa ta. Ƙarti majiya ƙarfi, kwance da rana tsaka kamar jarirai. Na ce wa Jemage a zamaninmu da an ce musu ragwaye. Ya ce a zamaninku nawa ne suka kai shekarunka? Na lissafa su a raina, na san su duka, da shekarar da kowanne ya tafi.

Suna da wani ɗan abu mai fiffike da suke ɗagawa su gwada iska. In ta yi yawa, ba mai sauka. Mu kuma fitila muke zurawa, in ta mutu ba mai sauka. Mu rashin iska muke tsoro, su yawanta. Mun daɗe muna mamakin wannan ni da shi.

Sai ya nuna mini na huɗunsu, wanda ba ya sauka, aikinsa tsaron igiyoyi a bisa. Ya ce shi ne ya fi kowa samun hutu, kuma ana canza shi kafin ya ce ya gaji, don mai tsaro ba ya taɓa cewa ya gaji. Daga nan ya tambaye ni wa nake jinya. Na gaya masa abin da zan iya. Na gaya masa ni ne a bisa, kuma an kore ni daga bakin rijiya.

Ya ɗauke ƙyallen daga idonsa ya dube ni.

“Baba, tsakaninka da Allah. Kana ƙasa kana haƙa, ka ɗaga kai ka ga mutum irinka na yau a bisa, ido ja, hannu yana rawa. Za ka ci gaba da haƙa?”

Na ce masa ya kula da gilashinsa. Na ajiye musu hularsu na sauko.

Laraba, da asuba

Da ni ne a ƙasa na ga irina a bisa, kamar yadda Jemage ya tambaya, da na fito na kore shi. Ƙanena ma, uwa ɗaya uba ɗaya, na taɓa korarsa daga bakin rijiya a kan hamma ɗaya, a shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara. Bai yi mini magana ba har kaka.

Laraba, da yamma

Mijin Auta ya ɗauki hutu a wurin aiki. Da rana ta take ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum yana jiran in ce na gode. Na ce ya matso. Na nuna masa yadda ake riƙe hannun, ta ƙasa, nesa da robar. Na ce ba a yin shiru. Ya ce, Baba, me zan ce mata? Na ce ko me, ko labarin ofis ɗinku ne, ita dai ta ji akwai mutum. Na ce kuma wayar nan a aljihu. Ya ciro ta, ya kashe a gabana, ya sa a aljihu. Ban zaci haka ba.

Na tsaya a bayan ƙofa na ji ya fara. Wai yana gaya mata yadda injin buga takardunsu yake cin takarda, da wani abokin aikinsa mai satar cokali. Na bar shi.

A sama Jemage bai ce mini komai ba game da jiya, ya dai turo mini bokiti da ƙafa. Na tsoma hannuwana. Wallahi ban san suna ciwo ba sai da suka daina. Wani ya murza mini kafaɗa, ya ce wannan ba kafaɗa ba ce, bulo ne. Jemage ya ce kafin in rufe ido in nemi abu mafi nisa in kalla, haka suke yi don idonsu ya huta da kallon gilashi a gaban hanci. Na zaɓi wani dogon ƙarfe mai ɗaga kaya a can bayan kogi. Yana juyawa a hankali, a hankali, kamar raƙumi yana waiwaye.

Ban yi barci ba. Amma na kwanta. Da na koma gida na yi wanka da ruwan zafi, irin mai zubowa daga sama. Na daɗe a ciki har Auta ta ƙwanƙwasa.

Alhamis, bayan magariba

Yau na yi barci.

Na kwanta a gindin tanki ina kallon ƙarfen nan, iska tana shiga ta hannun riga. Abin da na sani ke nan. Da na farka inuwa ta koma ɗaya gefen, mutanen sun daɗe da sauka bakin aiki, wani ya lulluɓe ni da rigarsa. Mai tsaron igiya ya ce Jemage ya hana a tashe ni. Jikina ya yi nauyi mai daɗi, irin na bayan an gama rijiya an ga ruwa.

Na sauko na tarar da Auta a baranda, fuska jiƙe, tana dariya. Ta ce Inna ta buɗe ido.

Ta buɗe ido, ba na nan. Duk kwanakin nan ina zaune, sai ranar da na kwanta. Kuma a hannun mai latse-latse.

Na shiga. Ta koma barci, amma wani barci ne daban, na gane shi. Na fito na zauna a bencina, raina a ɓace, na ƙi kallon kowa. Mijin Auta ya zo ya tsuguna a gabana. Ya ce yana cikin ba ta labarin cunkoson motoci ne ya ga tana kallonsa. Bakin bai saki sosai ba, sai da ya kai kunne. Ta tambaya ina nake. Ya ce ya rasa abin da zai ce, sai ya faɗi gaskiya, ya ce, Inna, Baba yana sama yana barci, bari in kira shi.

Na ce, sai ta ce me?

“Cewa ta yi, ‘A bar shi.’”

Ya ce har sau biyu ta faɗa. Sannan ta rufe ido.

Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo, na daɗe.

Juma'a, da hantsi

Na kwana a kan katifar. Na ci ƙwai biyu. Na haɗiye ƙwayar ba tare da an tsaya a kaina ba. Gobe ne.

Juma'a, da yamma

Idonta a rufe duk safiyar yau. Na yi mata magana duk da haka. Na ba ta labarin bayan shirwa.

Asabar, da yamma

Babba ya iso tun da safe, da mota, har da matashin kai a kujerar baya don in jingina a hanya. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Na ga ya rame shi ma.

Soja ta zaunar da ni a ɗan ofishinta. Ta dubi rigata, ta ce ashe fara ce, ita duk zatonta ruwan ƙasa ce. Ta ɗaura abin awon, ya matse, ya saki. Na nemi abu mafi nisa ta tagarta na kalla, wata hasumiya mai jan fitila a kai. Ta ce in daina riƙe numfashi, ba a yi mata wayo. Ta sake aunawa. Auta tana gefe tana murza mayafinta.

Soja ta ce awon bai yi kyau ba. Ta ce amma ba na mutumin da za ta kora ba ne.

Babba ya fara cewa ko dai a tafi da shi ɗin, hankali ya fi kwanciya. Ta ce masa motar tasa ce, ɗakin nata ne. Ta juyo kaina ta jera mini: safe zuwa azahar kaɗai, ƙwaya kullum, awo duk Asabar, kuma in ta sake ganina a bencin nan da dare za ta sa a fitar da shi da ni a kai. Na ce na ji. Ta ce ba ji ta tambaya ba. Na ce na yarda.

Muka shiga wurin mai ɗakina mu duka. Idonta biyu. Ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tsaya a kaina, tun daga hula har ƙasa. Gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga. Na zauna na kama hannun ta ƙasa. Ban yi mata shekarar komai ba. Na ce, na ci abinci. Ta lumshe ido ta buɗe.

Likita ya kira yaran waje, sun daɗe. Da suka dawo ba su gaya mini duka ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ji an ce da sauran tafiya.

Da azahar na hau sama. Na tarar suna naɗe igiyoyi. Sun gama wannan benen, jibi za su fara wani a can ƙetaren kogi, Jemage ya nuna mini shi, wani siriri mai kama da wuƙa a tsaye. Za a kulle ƙofar ƙarfen. Na ce to ni fa? Ya ce garin nan cike yake da wuraren kwanciya, mutane ne ba sa dubawa. Ya ce a bayan asibitin, in na tsallaka gadar masu tafiya a ƙafa, akwai wani lambu mai manyan itatuwa da famfo, direbobin bas suna miƙewa a can da rana. Ya zuba mini man shafawarsu a wata 'yar kwalba. Ya ce in na ga mutum a rataye a jikin benen can in ɗaga hannu, ko bai gani ba zai ɗauka na ɗaga. Na yi masa addu'a, shi da igiyarsa da mai tsaronta.

Babba ya juya da motarsa shi kaɗai. Ya bar mini matashin.

Gobe da safe zan yi wanka da ruwan zafi, in sha shayi a zaune, in je in karɓi jinya daga hannun Auta. Da azahar in miƙa wa mijinta, in ɗauki kwalbar da ɗan tawul, in tsallaka gadar in nemi lambun nan. In ban gane hanya ba, zan tambaya.